Tsakanin Gantsarewa da Rusunawa: Gyaran Wuyan Jita a New Bell

Hausa ba ta yi rowar kalmomi ba wajen bayyana abin da bai miƙe ba. Sanda takan tanƙware, ƙarfe ya lanƙwashe, gini ya karkace, igiya ta murɗe, tsoho ya ranƙwafa, mai ji da kansa ya gantsare, yaro mai ladabi kuwa ya rusuna a gaban manya. Ɗalibi yakan jera waɗannan a littafinsa kamar 'yan ɗaki ɗaya, ya haddace su, ya ɗauka kowacce tana iya tsayawa a madadin 'yar uwarta. Alhali kuwa kowacce da inda ta dosa: wata gaba take kai abu, wata baya, wata gefe, wata tana da magani, wata sai haƙuri. Inda bambancinsu ya fi fitowa sarari shi ne bakin mai sana'a, domin shi idan ya saki kalma ya kama wata, aikin ne zai lalace a hannunsa. Ni dai a unguwar New Bell ta birnin Duwala na ga an rarrabe su ɗaya bayan ɗaya, a kan wuyan wata jita mai tsirkiya huɗu.

Kafin mu kai ga jitar, ya kamata mai karatu ya san unguwar. A shekarar 1884 sarakunan Duwala suka sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa. Bayan kusan shekara talatin, Jamusawan suka ƙudurta tashin mutanen gari daga bakin kogin Wuri domin su keɓe wa Turawa wurin. Suka yanka musu sabon mazauni a can ciki, suka bar fili mai faɗin kilomita ɗaya a tsakani wanda ba a yarda kowa ya yi gini a cikinsa ba. Wannan sabon mazauni shi ne New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa da ƙwacen, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Yawancin Duwalawa ba su tare a wurin ba. Baƙi ne suka cika shi a zamanin Faransawa, wato Bamileke, da Basa, da mutanen Yawunde, da mutanen Ikko, da kuma Hausawa, waɗanda tun kafin nan fatakensu suke ratso Adamawa ta Banyo da Tibati da Yoko suna bin goro da hauren giwa. Har yau akwai sashen da ake kira unguwar Hausawa, da masallatansa da mahautansa, kuma tsiren da suke gasawa shi ne duk Kamaru take kira soya. Can wajen Kasuwar Kwango kuwa, ƙarar kekunan ɗinki ba ta yankewa daga hantsi har magariba.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne matsayin jitar bes a wannan gari. A Kano idan aka ce kiɗa, kalangu ne yake fara zuwa zuciya. A Duwala kuwa makosa ce, kiɗan da Manu Dibango ya kai sunansa duniya da faifansa na 1972, kuma ginshiƙin makosa shi ne bes, jitar nan mai kaurin murya wadda ake jinta a ƙirji kafin a ji ta a kunne. Kamaru ta yi suna da gwanayenta: Jean Dikoto Mandengue, da Vicky Edimo, da Aladji Touré, da Armand Sabal-Lecco wanda ya yi aiki da Paul Simon, da Étienne Mbappé, da Richard Bona wanda aka haifa a Minta a 1967 ya kuma goge a gidajen kiɗan Duwala. Yaron da ya tashi a New Bell yana jin waɗannan sunaye kamar yadda na Kano yake jin Shata ko Ɗan Maraya. A can, saboda bin lafazin Faransanci, bas suke cewa. Ni kuwa da farko duk lokacin da na ji an ce wane ya iya bas, sai in zaci direba ake nufi.

Ɗan yayata yana cikin waɗanda wannan kiɗa ya kama. A gidanmu ba a gaji kiɗa ba, kuma mai karatu ya san yadda Bahaushe yake kallon wanda ya shiga kiɗa ba gado ba. Mahaifiyarsa ta daɗe tana cewa a'a. Da ta ga shekara uku ta wuce yaron bai saki sallarsa ba, bai saki aikinsa na shagon ɗinki ba, bai kuma saki zancen jita ba, sai ta ɗauki kwasar adashinta ta ba shi rance, da sharaɗin zai biya kafin zagayowar shekara. Ya je Ngaundere a watan Fabrairu, ana tsakiyar hunturu, ya sayo wata tsohuwar bes a hannun wani makaɗi, ya hau jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, daga nan ya iso gida. Jitar ta zo da muryarta garau. Zuwa watan Afrilu ta fara 'yar dishewa. Da damina ta kankama a Yuli, sai ta zama duk inda ya danna kusa da kanta, zirrr kawai take yi kamar an saka ƙudan zuma a gwangwani. Ga shi kuma wata ƙungiyar makaɗan bukukuwa ta yi masa alkawarin gwaji nan da kwana goma. Wani mai shagon kayan kiɗa da ya kai wa ya duba ta sama-sama ya ce ta mutu, amma zai taimaka ya karɓa a sulusin kuɗinta. Yaron ya dawo gida ya zauna shiru, ya ce da ni, "Kawu, da wane ido zan kalli Inna?"

A nan sai na ɗan tsaya in bayyana sassan abin, da kalmomin da zan yi amfani da su. Jitar bes tana da gangar jiki, da dogon wuya, da kai inda maɗauran tsirkiya suke. A fuskar wuyan an manna wani siririn katako, shi ne allon yatsu, an kuma gindaya masa ƙananan ƙarafa ashirin ko fiye, waɗanda zan kira matakai, domin kamar tsani suke: duk matakin da ka danna tsirkiya a kai, murya takan hau. Tsirkiyoyin suna tashi daga kai su sauka a kan wani ƙarfe a gangar jiki, wanda mai goge zai kira jaki. Tsawon tsirkiyar da ke kaɗawa, a irin wadda kamfanin Fender ya fitar a 1951 wadda galibin masu ƙira suka bi, inci 34 ne, wato kimanin santimita 86. Idan aka ɗaure tsirkiyoyin nan huɗu daidai muryarsu, jan da suke yi wa wuyan yakan kai kilo 70 zuwa 90. Ka ce buhun siminti ɗaya da rabi ne aka rataya wa siririn itace, dare da rana, shekara da shekaru. (A lura: wuyan jita daban, wuyar jita daban. Na farko namiji ne, gaɓa ce ta jiki, karin sautinsa sama sannan ƙasa. Ta biyu mace ce, wahala ce, karin sautinta ƙasa sannan sama. Ɗan yayata ya haɗu da su duka biyu a lokaci guda.)

Itace kaɗai ba zai jure wannan ja ba. Tanƙwarewa zai yi kamar baka a hannun maharbi. Saboda haka aka binne wata sandar ƙarfe a cikin wuyan, daga kai har gindi, mai noti a bakinta ɗaya. Wani ma'aikacin kamfanin Gibson a Amurka, Thaddeus McHugh, shi ya nemi rajistar wannan dabara a 1921. Idan aka matse notin, sandar takan ja wuyan baya, ta yi jayayya da tsirkiya. Idan aka sassauta, sai ta sakar wa tsirkiya mara, wuyan ya dawo gaba. Ke nan wuyan jita a tsakanin maja biyu yake zaune, kuma siffarsa a kowace rana sakamakon sulhunsu ce.

Wanda ya duba mana jitar ba makaɗi ba ne. Wani dattijo ne mai gyaran keken ɗinki a wata rumfa kusa da Kasuwar Kwango, haifaffen unguwar, wanda makaɗan coci da na gidajen biki suka gano tun da daɗewa cewa hannunsa yana jin ƙarfe. Muka gaisa, yaron ya durƙusa ya miƙa masa jitar. Bai taɓa makulli ba tukuna. Ya sa yaron ya ɗaure tsirkiyoyin daidai muryar da ake kaɗa su, ya ce awo ba ya yiwuwa sai kaya na kan jaki. Sannan ya rungume ta kamar mai shirin kiɗa, maimakon ya kwantar da ita a tebur, domin a cewarsa ko nauyin kanta yana iya canza awon. Ya sa yaron ya danne babbar tsirkiya a mataki na farko, shi kuma ya danne ta a mataki na ƙarshe. Tsirkiyar da aka danne a wuri biyu ta zama ma'auni miƙaƙƙe wanda ba ya ƙarya. Ya leƙa tsakiya, wajen mataki na takwas, ya ɗan ƙwanƙwasa tsirkiyar da yatsa. Ko motsi ba ta yi ba. Kwance take a kan ƙarfen.

"Ɗana," in ji shi, "wa ya ce maka ta mutu?"

"Wani mai shago ne, Baba. Ya ce wuyan ya karkace."

"Bai karkace ba. Gantsarewa ya yi. Da karkata ce ko murɗewa, da na ce ka je ka karɓi sulusin nan tun bai canza magana ba."

Ya ɗaga jitar ya sa idonsa a kai yana hango gindi, kamar mai duba ko bindiga ta miƙe, ya nuna mini gefen dama da gefen hagu na allon. Duka biyun sun taso a tsakiya daidai wa daida. Da ɗaya ya taso ɗaya ya faɗa, to wuyan ya murɗe ke nan kamar wankin da aka matse, kuma sandar ƙarfen nan, wadda shi rodi yake kiranta, ba ta san wannan ciwo ba. Gaba da baya kaɗai ta sani. Wuyan da ya ranƙwafa, wato kansa ya sunkuyo wajen tsirkiya har tsakiyarsa ta yi rami, alamarsa ita ce tsirkiya ta yi nisa da allo, yatsu su sha wahalar danna ta. Wanda ya gantsare kuwa ƙirji ya turo, tsakiyarsa ta taso ta tare wa tsirkiya hanya, shi ya sa ake jin zirrr a matakan farko, daga na ɗaya zuwa wajen na biyar.

Na tambaye shi abin da ya sa jitar da ta zo lafiya ta gantsare alhali ba wanda ya taɓa ta. Ya nuna mini bangon rumfarsa da ya yi kore saboda danshi, ya ce, "Malam, ga wanda ya taɓa ta nan." Bayanin kuwa shi ne wannan. Bayan wuyan an shafe shi da fenti mai hana ruwa shiga, amma allon yatsu galibi tsirara ake barinsa, sai ɗan mai. Itace kuwa ko ya shekara hamsin da sarewa bai daina shan raɓa yana amayarwa ba. A hunturun Ngaundere allon ya bushe ya tsuke, wuyan ya ranƙwafa, mai ita na da ya matse rodi domin ya miƙar da shi. Daidai ya yi, a can. Sai aka kawo ta Duwala, garin da ruwan samansa yakan haura milimita 3,500 a shekara, inda na Kano ba ya cika kai 1,000, kuma damshin iskarsa yakan zarce kashi 80 cikin 100. Allon ya sha ya kumbura, ya tura wuyan baya, ga rodi kuma da ma a matse yana ja baya. Biyu suka taru a kan tsirkiya, suka rinjaye ta. Makaɗan gargajiya sun san irin wannan tun fil azal: mai ganga yakan kai fatarsa bakin wuta ko rana idan sanyin damina ya sa ta saki, kafin ta yarda ta yi magana.

Wani abin sha'awa shi ne, baƙin itacen da ake ji da shi wajen yin allon yatsu a duniya, da yawansa daga dazukan Kamaru yake fita, kuma ɗan uwan kanyar nan ne da muke sha a ƙasar Hausa, dangi ɗaya suke. A 2011 ma kamfanin jita na Taylor na Amurka, tare da abokin cinikinsa na Sifaniya, ya sayi wata masana'antar yankan wannan itace a Yawunde. Dattijon ya ce itacen yakan tafi ƙasar Turawa ya koyo kiɗa, in ya dawo gida ya tarar da daminar da ya bari tana jiransa.

Sai aka zo gyara. Notin wannan jita a wajen kai yake, ƙarƙashin wani ɗan murfi. A wasu tsofaffin ƙira a gindin wuya yake, har sai an kwance wuyan kafin a kai gare shi. Dattijon ya zazzage wata tsohuwar jakar fata, ya gwada ƙananan makullai masu kusurwa shida har ya sami wanda ya zauna cif, mai milimita 4. Shi kile yake ce masa, kamar yadda Faransawa suke faɗa. Ya gargaɗi yaron cewa makullin da ya yi lako-lako shi ne yake cinye bakin noti, kuma notin da bakinsa ya cinye ya fi gantsarewa wuyar magani. Ya ɗiga ɗigon man keke ɗaya, ya jira. Sannan ya fuskanci notin ya murɗa hagu, saɓanin tafiyar hannun agogo. Abin da ya murɗa bai kai rubu'in zagaye ba. Ya zare makullin, ya sa aka sake ɗaure tsirkiya daidai, ya auna. Wata 'yar tazara ta bayyana wadda ido da ƙyar yake kama ta. Ya mayar da murfi ya ce mu dawo gobe.

Yaron ya ce, "Baba, saura kwana tara fa. Ba za a ƙarasa yau ba?"

"Ƙarfe ya ji yanzu," in ji dattijon. "Itace sai ya kwana yake ji. In na biye maka na ƙara, gobe ka tarar ya wuce inda muke so, mu dawo muna matsewa. Mai murɗa rodi da gaggawa sau biyu yake aiki, in ma bai karya ba."

Kwana uku muka yi muna zuwa. A rana ta biyu ya ƙara sumunin zagaye, wato rabin rubu'i. A ta uku bai taɓa makulli ba. Ya yagi takardar littafin makaranta ya ninka ta uku, ya zura a ƙarƙashin tsirkiya a mataki na takwas, yaron na danne da farko, ni ina danne da ƙarshe. Takardar ta shige tana ɗan gogar ƙarfe, ba ta ɗaga tsirkiyar ba. Daga baya na ga masu ƙirar jitar ma abin da suke ba da shawara ke nan, tazarar da ba ta wuce kusan sulusin milimita ba. Sai bayan wannan ya koma kan jaki ya daidaita tsayin kowace tsirkiya, sannan ya duba ko muryar mataki na goma sha biyu ta dace da ta sakakkiyar tsirkiya. Ya ce a jere suke, wuya, sannan jaki, sannan murya, kuma wanda ya fara daga ƙarshe zai yi ta zagaye ne kamar jakin niƙa. Ya kwatanta mini da keken ɗinki: idan ɗinki yana tsalle, telan da bai sani ba yakan yi ta matse zaren sama, alhali matsalar tana ga zaren ƙasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waccan takarda mai ninki uku. Na ce masa, tun da gantsarewa ciwo ce, ranƙwafawa ma ciwo ce, ashe lafiya ita ce wuya ya miƙe sak. Ya girgiza kai. Ya fizgi babbar tsirkiya ya ce in duba. Kusa da kai da kusa da jaki kusan a tsaye take. A tsakiya kuwa ta buɗe tana lilo har ta zama kamar biyu. Tsirkiya a tsakiyarta take neman fili, kuma ta bes da take da kauri da tsawo ta fi kowace neman filin. Wuyan da ya miƙe sak bai bar mata wurin numfashi ba, sai dai a ɗaga jaki sama sosai, yatsu su biya bashin. Saboda haka ake barinsa da ɗan sunkuyo wanda ido ba ya gani sai an auna. Na ce, wato ya ɗan ranƙwafa. Ya ce, "A'a. Ranƙwafawa ta tsufa ce da kaya, ba da son mai ita ba. Wannan rusunawa ce. Kamar yaron nan da ya shigo ya gaishe ni: bai tsaya ƙiƙam ba, bai kuma kife ba."

A ƙamus, ranƙwafa da rusuna maƙwabta ne, dukansu sunkuyawa ce gaba. A rumfar nan na ga katangar da ke tsakaninsu. Ɗaya nauyi ne ya yi rinjaye, ɗaya kuwa gwargwado ne aka zaɓa domin a ba wani wuri. Ban taɓa karanta wannan bayani a littafi ba, amma tun da na ji shi, duk inda na tarar da kalmomin biyu a rubutun magabata sai in ga haka suka yi amfani da su.

Ɗalibin nahawu zai sami abin tsinta a maganganun kwana ukun nan. Tsarin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960 yana nan a raye a bakin mai gyara, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Tsirkiya ta tanƙwara wuya, aji na ɗaya, mai aiki ya aikata a kan wani. Wuya ya tanƙware, aji na huɗu, abin ya auku ya kai matuƙa. Wuya ya tanƙwaru, aji na bakwai, an nema kuma ya yiwu. Daga nan ne ake samun "ba ya tanƙwaruwa", wanda ake faɗa wa ƙarfe da kuma mai taurin kai. Haka murɗa, murɗe, murɗu: dattijon ya murɗa noti, ya yi hamdala da noti ya murɗu, ya kuma yi mana murna da wuya bai murɗe ba. Saiwa ɗaya, wasalin ƙarshe kaɗai ya canza, amma na farko aiki ne, na biyu sa'a, na uku asara. A lura kuma da ganɗantawa: lanƙwasa takan koma lanƙwashe, sassauta ta koma sassauce, domin s da t ba sa tsayawa yadda suke a gaban wasalin e. Ranar farko da ya ce, "Sassauto shi kaɗan," ya yi amfani da aji na shida, wato a saki abin ya taho wajenmu, kuma lallai wajen tsirkiya wuyan yake tahowa.

Hausawa suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne a tarbiyya da aikin gora. Amma wuyan jita busasshen itace ne, ga shi kuma yana tanƙwaruwa, muddin an bi shi da rubu'i-rubu'i an kuma bar shi ya kwana. Hausar dattijon ma na saurare ta da wannan kunne. A jimla ɗaya zai ce kile, ya ce mansh yana nufin wuyan jita, ya juya ya yi wa wata mai kawo keke magana da Turancin kasuwa, ya dawo kaina da karin maganar da rabona da jin ta tun kakata tana da rai. Wanda ya zo daga Kano da ma'auninsa miƙaƙƙe zai ce wannan Hausa ta karkace. Ni abin da na ji shi ne harshen da ya shekara fiye da ɗari a cikin damshin wani gari, ya rusuna gwargwadon da zai ba maƙwabta wuri, kuma har yanzu yana rarrabe gantsarewa da murɗewa ba tare da tuntuɓe ba.

Akwai kuma abin da ya faɗa game da ita kanta zirrr ɗin, wanda ya dace a adana. Ya ce ba kowace zirrr ce aibi ba. Mai garaya da gangan yake maƙala ɗan faifan ƙarfe mai zobba a kan sandarsa domin ta yi wannan ƙara, kuma garayar da ba ta yi ba, sai a ce ba ta da gishiri. Gwanayen makosa ma sukan fizgi tsirkiya ta mari ƙarfe da niyya. Bambancin kawai shi ne wadda ka kira da wadda ta zo da kanta.

Da aka gama, yaron ya tambayi kuɗin aiki. Dattijon ya karɓi abin da bai fi kuɗin shayi da burodi ba, ya kuma ba shi makullin nan mai milimita 4 kyauta, ya ce ya ɗaure shi a cikin jakar jitar. Ya ce masa gyaran nan ba na har abada ba ne: idan ruwa ya ɗauke wajen Disamba ya sake aunawa, idan aka gayyace su biki a Garwa ko Marwa ya auna bayan kwana biyu da sauka, ya kuma tuna cewa in noti ya ƙi motsi, to a tsaya, ba a yi masa dole. Yaron ya je gwajinsa. Sun ɗauke shi a matsayin na biyu, mai riƙe wa babban makaɗinsu idan bukukuwa sun yi karo, kuma daga abin da yake samu ya fara rage bashin adashi tun kafin layya.

A daren da muka dawo da jitar daga rumfa, yayata tana bakin murhu, ba ta ɗago ba. Ba ta taɓa tambayar yadda ake ciki ba a duk kwanakin nan, ko da yake na san tana ƙirga su. Sai da yaron ya shige ɗaki muka fara jin muryar bes tana fitowa ƙasa-ƙasa, garau, sannan ta ce da ni, "To, ya gyaru?" Jita mace ce, da ita take nufi, da "ta gyaru" za ta ce. Saura wuya da yaro, dukansu maza. Ban tambaye ta wanne take nufi ba. Na ce mata ya gyaru, sai dai an ce a riƙa dubawa idan yanayi ya juya. Ta ce haka ne, ta ci gaba da tuƙa tuwonta.